Aikin Tayil: A Bakin Ƙofa, Rariya Da Murhu Ake Gane Gwani

Waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau a kan gini za mu yi magana, a cikin ginin ma ɓangare guda, wato shimfiɗa tayil a ƙasan ɗaki. Na san wani zai ce, to mu da ko fili ba mu saya ba, ina ruwanmu da tayil? Da ruwanka, ɗan uwa. Ko dai wata rana kai za ka biya kuɗin aikin, ko Baba ya ce je ka tsaya a kan ma'aikata tunda kai ne ɗan boko, ko kuma kai ne za ka riƙe cokalin ka ci abinci da sana'ar. Cikin ukun nan da wuya ɗaya ba ta same ka ba.

Kakanninmu mata su ke yin daɓe. A tara mata, a zuba ƙasa da tsakuwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa har ƙasan ya yi ƙarfi ya yi duhu. Daga baya siminti ya zo, sai leda, sai kafet. Yanzu ko ɗaki ɗaya za a gyara wa amarya, tambayar farko ita ce, an sa tayil? Kuɗi masu yawa ke tafiya a nan, kuma aiki ne da in ya ɓaci ba a gyara shi sai an fasa.

Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau guda ɗaya ne. Tsakiyar ɗaki kowa ya iya. Yaron da ya yi wata uku yana bin ubangidansa zai jera maka tayil a tsakiyar falo ya yi kyau a hoto. Inda ake gane wanda ya iya aiki shi ne inda tayil ya ci karo da wani abu: bakin ƙofa, rariya, bututu, kafar iska, wurin murhu. Kuma yawancin abin da zai faru a waɗannan wurare, tun kafin a kwaɓa siminti aka yanke shi.

To mu fara daga awo.

Mu ɗauki ɗaki mai faɗin mita 3.7, tsawo mita 4.2, za a sa masa tayil 60 a 60. In ka ninka za ka sami murabba'in mita 15.54. Kwalin irin wannan tayil galibi guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44. A lissafi kwali 11 ya isa. Amma kada ka sayi 11. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, sai ya kai ka kwali 12. In ɗakin yana da lungu da yawa, ko za a jera tayil ɗin a karkace, ƙara kashi 15. Sannan in ka je kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Dei-Dei a Abuja, duba lambar da ke jikin kowane kwali ka tabbata duk gashi ɗaya ne. Tayil iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma wanda aka gasa a wani lokaci daban yana iya bambanta a launi, har da girma na milimita ɗaya ko biyu. In ya ƙare maka ka koma bayan sati uku, ba lallai ka sami ɗan uwansa ba. Kuma a ina ragowar aiki ke tsayawa? A bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

Yanzu ga faɗin nan na mita 3.7. In mai aiki ya fara daga jikin bango ɗaya ya jera cikakken tayil guda 6, ya ci mita 3.6. Saura santimita 10, in ka cire tsagar da ke tsakani ma bai kai ba. Sai ka ga wani siririn yanki kamar rula ya bi jikin ɗaya bangon. Ba kyan gani, ga saurin karyewa, kuma in bangon ya ɗan karkace, wannan siririn yankin shi zai fallasa shi. Wanda ya iya aiki zai jera cikakku guda 5 a tsakiya, ya raba sauran santimita 70 gida biyu, kowane gefe ya sami kusan 35. Ƙa'idar ita ce, a yi ƙoƙari kada yankakken tayil ya gaza rabin cikakke, musamman a inda ido ke fara sauka.

Shi ya sa nake cewa duk mai tayil ɗin da ya zo ya fara kwaɓa siminti bai ja igiya ba, bai jera tayil a bushe ya gani ba, ka tsayar da shi cikin mutunci. Ka ce, Malam, don Allah mu jera layi ɗaya a bushe daga bakin ƙofa zuwa ƙuryar ɗaki mu ga inda zai faɗa. Minti 20 ne. A nan za ku ga ko tsaga za ta faɗa tsakiyar ƙofa, ko rariya za ta faɗa a kusurwar tayil. Kuma kada a yarda da bango, bangonmu da yawa ba a miƙe suke ba. Akwai tsohuwar dabarar magina ta 3, 4, 5 da muka yi a lissafin sakandare muna cewa ina amfaninta: ka auna santimita 90 a layi ɗaya, 120 a ɗaya layin, in tsakanin ƙarshensu ya ba ka 150 daidai, to kusurwarka ta tsaya.

Sai bakin ƙofa. Abu huɗu ake dubawa a nan.

Na farko, tsayi. Tayil yana da kauri, abin da za a manna shi da shi ma yana da kauri. In da gam aka manna a kan daɓen da ya daidaita, ƙasa za ta tashi kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. In da kwaɓin siminti da yashi ne, kamar yadda aka fi yi a wurinmu, tana iya tashi santimita 3 zuwa 5. To ƙofar fa? Ƙofar katako ana iya cire ta a rage mata ƙasa. Ƙofar ƙarfe da aka riga aka kafa da siminti a jikin bango, wannan sai an kira mai walda, wani lokaci ma sai an fasa. Kafin a fara, a ɗora tayil ɗaya a ƙasa a kan abin da ya kai kaurin kwaɓin, a buɗe ƙofar har ƙarshe a gani. Har ƙarshe na ce, don wata ƙofar tana wucewa lafiya a farko, sai ta kusa bango ta fara gogar ƙasa.

Na biyu, ina tayil ɗin ɗaki zai tsaya na waje ya fara? A ƙarƙashin ganyen ƙofar, lokacin da take rufe. In ka rufe ƙofa kana cikin ɗaki, tayil ɗin ɗakin kawai za ka gani. In kana falo, na falo kawai za ka gani. In aka yi kuskuren santimita 5, kullum ka rufe ƙofa sai ka ga wani launi ya leƙo. In launukan biyu ba su dace da juna ba, ko tsagoginsu ba za su haɗu ba, sai a sa dokin ƙofa na dutsen giranayit ko mabul ya raba su. Yana da kyau, kuma yana ɗaukar taku fiye da yankakken tayil.

Na uku, jikin firem. In firem ɗin katako ne, gwanaye ba sa yanka tayil ya bi lanƙwasarsa. Sukan kifa tayil ɗaya a ƙasa a jikinsa, su ɗora zarto a kai su yanke ƙasan katakon, sai tayil ya shige ƙarƙashi, ba a ganin yanka ko kaɗan. In na ƙarfe ne, dole a yanka tayil ya zagaye shi. A nan kwali ke aiki. Ka yanki kwali daidai girman tayil, ka yi ta rage shi da almakashi har ya zauna a wurin, sannan ka ɗora shi a kan tayil ka zana. In kwali ya ɓaci ba ka yi asarar komai ba. In tayil 60 a 60 ya ɓaci, kuɗin abincin wani na yini ne ya tafi.

Na huɗu, ruwa. Ƙofar waje tana son dokin ƙofa da zai hana ruwan sama shigowa, kuma tayil ɗin baranda ya gangara waje. Ƙasan banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da kamar santimita 2, don ruwan wanka kada ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shigo kan darduma. Amma kada a mai da shi matakala. Ku tuna da Hajiya Kaka da za ta tashi alwala da asuba ba wuta, da yaron da yanzu yake koyon tafiya, da ɗan uwanmu mai keken guragu. Ɗan tudun santimita ɗaya a bakin ƙofa, wanda ido bai gani, shi ya fi kayar da mutum. Kuma irin tayil ɗin nan mai ƙyalli kamar madubi, a bar shi a falo. Bakin banɗaki, wurin alwala, baranda da kicin suna son mai ɗan kaushi. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, wasu daga nan ba sa ƙara tashi.

Bari in tsaya a nan in yi bayanin yanka, don shi ne tushen duk abin da ya rage.

Yankan da ya miƙe daga gefe zuwa gefe, abin yanka na hannu ya isa: a ja layi, a danna, ya rabu. Amma in za a cire kusurwa, tayil ya koma kamar harafin L, ko a cire tsakiyar gefe ya koma kamar U, sai giranda mai faifan yankan dutse. Matsalar tana a kusurwar ciki, inda layi biyu suka haɗu. Duk nauyin da aka ɗora wa tayil ɗin a nan yake taruwa, daga nan tsagewa ke farawa. In mai yanka ya zarce layin ko da milimita 3 ne, ya riga ya nuna wa tsagewar hanyar da za ta bi. Ranar da aka gama ba za ka gani ba, sai bayan wata biyu ka ga wani siririn layi ya tashi daga kusurwar ya nufi gefe. Dabarar ita ce a fara huda ƙaramin rami a daidai kusurwar, sannan a yanko layukan su tarar da shi, kusurwar ta zama mai ɗan zagaye. Mafi sauƙi kuma, tun wajen awo a shirya yadda abin da ake zagayewa zai faɗa a tsakanin tayil biyu ko huɗu, kowanne a ɗan rage masa, maimakon a ƙwaƙule guda ɗaya.

Kuma don Allah, matasa masu wannan aiki, ƙurar da giranda ke tayarwa ba irin ƙurar hanya ba ce. Akwai garin dutse a cikinta da ke zama a huhu, kuma ciwon da yake jawowa ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. A jiƙa wurin yanka da ruwa, a yi yankan a waje, a sa takunkumi na gaske da gilashin ido. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare wannan ƙurar.

Mu zo kan rariya da bututu.

Ruwa ba ya jin roƙo, inda ya fi gangare yake bi. Ƙasan banɗaki yana buƙatar gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ɗaya zuwa wajen rariya. In daga ƙofa zuwa rariya mita ɗaya da rabi ne, bambancin tsayinsu zai kama santimita ɗaya da rabi zuwa 3. Wannan gangarar a jikin daɓen ake yin ta tun kafin tayil. Babban tayil ba ya lanƙwasa, don haka in rariyar tana tsakiya, ko dai a yi amfani da ƙananan tayil, ko a yanka manyan daga kusurwoyin rariyar zuwa waje yadda ɓangarori huɗu za su kwanto kamar bayan ambulan ɗin wasiƙa. Murfin rariyar ya zauna daidai da fuskar tayil ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. In ya fi tayil tsayi, kullum da ɗan tafki a gefensa, ga santsi, ga wari, ga sauro.

Bututun da ya fito daga ƙasa kuma, ana huda masa rami da baki mai zagaye da ake ɗaura wa injin huji, ramin ya ɗan fi bututun faɗi, sannan a cike ratar da silikon. In aka cike da siminti, bututun roba yana motsi, simintin zai tsage, ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashi. In bene ne, maƙwabcin ƙasa shi zai fara ba ka labari.

Yanzu maganar kafar iska. Masu kallon bidiyon koyon tayil a YouTube za su lura Turawa suna yawan nuna yadda ake zagaye wani rami mai kusurwa huɗu a ƙasan ɗaki. A ƙasashen sanyi irin su Amurka da Kanada, gidaje da yawa suna da injin ɗumama iska. Iskar tana bin bututu ta ƙarƙashin daɓe ta fito ta wannan ramin, wanda sau da yawa inci 4 ne a inci 10. Murfinsa na ƙarfe ne mai raga, yana da leɓe da ke hawa kan tayil ya rufe yankan. Don haka ana kai tayil daidai bakin ramin. In ya shiga ciki murfin ba zai zauna ba, in ya tsaya nesa leɓen ba zai rufe ba. Kafin su fara aiki sukan toshe ramin da tsumma kada kwaɓi da ƙura su zuba ciki.

Mu ba mu da wannan a gidajenmu, zafin ma ya ishe mu. Amma muna da abin da ya fi shi muhimmanci. Gas ɗin girki da muke saye a silinda ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ƙasa yake sauka ya kwanta, tagar da ke can sama ba za ta fitar da shi da wuri ba. Saboda haka kafar da aka bari a ƙasan bangon kicin, ko bulo mai huji, ko rariyar da ke fita waje, hanyar tsira ce. Sau nawa mai tayil ya zo sa sikatin, ya ga kafar ta ɓata masa layi, ya liƙe ta da tayil don aiki ya yi kyau? Kada a bari. A yanka tayil ya zagaye ta, a sa mata raga saboda ɓera da kunama, a bar ta a buɗe.

Sai murhu. A can ƙasashen sanyi ana gina murhun jin ɗumi a jikin bangon falo, kuma doka ta tsara abin da za a shimfiɗa a gabansa. Kundin ƙa'idojin ginin gidaje da ake amfani da shi a yawancin Amurka ya ce dole a sami shimfiɗar da ba ta cin wuta, aƙalla inci 16 a gaban ƙaramin murhu da inci 8 a kowane gefe, wato kamar santimita 40 da 20. In bakin murhun babba ne, inci 20 a gaba, 12 a gefe. Dalili shi ne tartsatsi da garwashin da ke faɗowa.

A wurinmu murhun itace ne, da kurfoti na gawayi, da risho, da gas. Mutane na cewa ai tayil da wuta aka gasa shi, me wuta za ta yi masa? Gaskiya ne an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, ba zai kama da wuta ba. Amma a masana'anta gaba ɗayansa ke yin zafi tare, ya huce tare. In kika ɗora kurfoti a kansa, Hajiya, tsakiya ta yi zafi tana son buɗewa, gefe yana nan da sanyi ya ƙi. In aka gama girki kuma aka kwara ruwa don wanke wurin, sai ki ji ƙas. Inda za a riƙa hura wuta a ware shi tun farko. A shimfiɗa jan bulo ko falalen dutse mai kauri, ya wuce girman murhun ta kowane gefe da kamar taku ɗaya. Tsakanin wannan wurin da tayil ɗin kicin a bar 'yar rata a cike ta da abu mai laushi da ke jure zafi, don kowanne ya yi motsinsa. In gidan haya ne ba damar fasa ƙasa, ko faranti mai yashi ko bulo biyu a ƙarƙashin kurfoti sun taimaka. Kuma tunda mun zo nan, lokacin hunturu kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, a cikin barci take kashe mutum.

Wannan maganar rata ta shafi ɗakin gaba ɗaya. Tayil da siminti suna buɗewa da zafi, su tsuke da sanyi, kuma ba daidai suke yi ba. In aka matse tayil da bango ta kowane gefe, ba tsaga a tsakani, ranar da ya so buɗewa bai da wurin zuwa sai sama. Shi ne za ku ji an ce cikin dare tayil ya tashi da ƙara kamar harbi, har wasu su fara zargin aljanu. A bar kamar milimita 6 tsakanin tayil da bango, sikatin zai rufe. A sa 'yan robobin nan masu kama da alamar tarawa a tsakanin tayil, ko da na milimita 2 ko 3 ne. Ƙa'idar masu tayil ta Arewacin Amurka ta ce a cikin ɗaki a bar tsaga mai laushi duk bayan ƙafa 20 zuwa 25, inda rana ke duka ko ruwa ke taɓawa kuma duk bayan ƙafa 8 zuwa 12. Ku yi tunanin barandar da ke shan ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Bakin ƙofa wuri ne mai kyau na ɓoye irin wannan tsagar.

Abu na ƙarshe a ɓangaren aiki shi ne abin da ke ƙarƙashi. Tayil iri biyu muka fi gani. Akwai na yumɓu da ke shan ruwa, shi ne ake jiƙawa a baho kafin a ɗora a kan siminti. Akwai fosilin, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi jiƙa shi ba ya ƙara komai, kuma siminti zalla bai cika riƙe shi ba, gam yake so. A shafa gam ɗin da cokali mai haƙora, a ja shi ta fuska ɗaya, in tayil babba ne a shafa wa bayansa ma. Ƙa'ida ita ce gam ya taɓa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na bayan tayil a busasshen wuri, kashi 95 a wurin ruwa. Masu ɗiga kwaɓi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, suna barin holoƙo a ƙarƙashi. A tsakiyar ɗaki yana iya daɗewa, amma a bakin ƙofa inda kowa ke takawa, ko gefen rariya inda aka riga aka yanka tayil ya yi rauni, ba zai kai labari ba. Da hunturu kuma iska na busar da fuskar gam da wuri, a shafa iya wanda za a rufe cikin 'yan mintuna. Sabon kankare a ba shi kwana 28 kafin a hau shi da tayil.

To in kai ne aka tura tsaya wa aiki, kafin a biya cikon kuɗi ga abin da za ka yi. Ɗauki makulli ko tsabar kuɗi ka bi tayil ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, ka fi ba da ƙarfi a bakin ƙofa da gefen rariya. Wanda ya zauna zai ba ka sauti mai nauyi, mai holoƙo zai yi kamar ganga. Buɗe kowace ƙofa har ƙarshe ka rufe. Kwara bokitin ruwa a kusurwar banɗaki mafi nisa ka tsaya ka ga inda zai tafi. Ja tsabar kuɗi a ƙasa ta tsallaka tsaga, in ta tuntuɓe, wani tayil ya fi wani tsayi. Duba kafar iska ta kicin ko tana nan. Ka ajiye ragowar tayil ko guda 4 ne a sito. Kuma mu ma masu ba da aiki mu ji tsoron Allah. In ka matse mai aiki a farashi, ka ce lallai gobe za a kawo amarya, to kai ka saya wa kanka aikin gaggawa.

Yanzu ga maganata da ku, 'yan uwana da muka gama makaranta muke yawo da takardu a fayil. Duk wanda ke shiga wuraren gini a Abuja ko Legas ya ji masu gida na cewa a nemo musu 'yan Togo ko 'yan Kwatano su yi tayil. Ba na jin haushinsu, guminsu suke ci. Tambayar da nake yi ita ce, me suke yi da mu ba za mu iya ba? Duk abin da na lissafa yau, awo ne da haƙuri da tsabtar aiki. Tayil ɗin ma ana yin sa a ƙasar nan, akwai masana'antu a Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun. Hukumomi irin su ITF, da aka kafa tun 1971, da NDE suna da shirye-shiryen koyar da sana'ar hannu, a je ofishinsu na jiha a tambaya. In hakan bai samu ba, nemi ubangida mai aiki mai kyau a unguwarku, ka ajiye girman kai ka ɗauki baho. Kai da ka iya lissafin murabba'in mita, ka iya rubuta wa mai gida kiyasi a takarda, ka iya ɗaukar hoton aikinka ka sa a WhatsApp, ka riga ka fara da abin da wasu suka shekara ba su da shi. In za ka ɗauki hoton, ɗauki bakin ƙofa da gefen rariya, wanda ya san aiki nan zai duba.

'Yan uwa mata, ku ma wannan ya shafe ku. Ku ke wuni a kicin ɗin nan, ku kuka san inda ruwa ke kwanciya da inda kurfoti ke zama. In ana aikin gidanku, ku yi magana tun ana awo, kafin siminti ya bushe.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ya san mai gini ko mai shirin gyaran ɗaki, ya tura masa. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya sa mu ci halal. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.